Dukiyar Abzin tana gindinsa

In aka ambaci Abzin a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, abin da yake faɗowa ɗan kasuwa a rai shi ne raƙuma da ayarin gishiri, ko kuwa albasa da tafarnuwa da dankali da lemun Timiya waɗanda manyan motoci suke saukowa da su. Ma'aikacin gwamnati kuwa, da jin sunan sai ya tuna da ƙarfen uraniyom, da kasafin kuɗin ƙasa, da shekarun da albashi yake zuwa kan lokaci, da kuma shekarun da aka yi ta ƙirga watannin bashi. Su duka biyun suna ɗauka cewa arzikin arewa a cikin tsaunin yake, wato in ka fasa dutsen Bagzam za ka tarar da shi. Alhali kuwa uraniyom ɗin Arlit a fili shimfiɗaɗɗe ake haƙarsa, can yamma da tsaunukan. Gawayin Anu Araren ma a gindinsu yake. Gishirin Tagidda, da farar ƙasar da ake simintin Malbaza da ita, da man fetur na Agadem, da ruwan da rijiyoyinmu masu zurfi suke bayarwa, babu ko ɗaya da yake cikin ainihin tsaunin. Dukansu suna kwance cikin manyan kwaruruka da suka kewaye shi, kuma yawancin abin da ya cika kwarurukan nan daga jikin tsohon dutsen ya ɓarɓashe.

Sai dai kalmar kwari tana iya ruɗa mai karatu, domin ba irin kwarin da ido yake gani ba ne. Wuri ne da ƙasa ta yi ta lotsawa sannu a hankali, koguna da iska da teku suna ta zuba masa yashi da laka da tsakuwa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ya cika ya batse kamar akushin da aka cika da tuwo har baki. Wanda yake tsaye a kansa fili kawai yake gani. Babbansu a wajenmu shi ne kwarin Ullimiden, wanda ya ci sunan Buzayen Azawak; ya haɗa yammaci da tsakiyar Nijar, ya shiga Mali da Benin da ƙasar Sakkwato. Reshensa na arewa maso gabas, wanda ya jingina da Abzin ta yamma, shi ne Tim Mersoyi. Ta gabas kuma akwai kwarurukan Tenere da Tarmit.

Tun da shafin nan ƴan kasuwa ne suka fi karanta shi, bari mu yi lissafin shekarun da kuɗi, don miliyoyin shekaru ba sa zama cikin kai. A ɗauka kowace shekara tamma ɗaya ce. Mutumin da ya shekara 70 ya tara dala 14. Daga samun ƴancin kai a 1960 zuwa yau ba mu cika dala 14 ɗin ba tukuna. Tushen Abzin kuwa yana da miliyan 600 ko fiye.

A wancan zamani ne wasu manyan ɓangarorin ƙasa suka matso suka yi karo da juna, duwatsu suka narke, suka lanƙwashe, dogayen tsaunuka suka tashi tun daga inda Aljeriya take yau har zuwa Najeriya. Ruwa da iska suka ci su har suka kusa daidaita su da ƙasa. Sa'annan, tsakanin shekaru miliyan 480 da 400 da suka wuce, narkakken dutse ya sake tasowa daga ƙarƙashi ya daskare a dunƙule-dunƙule masu siffar zobe, kuma su ne manyan tsaunukan da ake gani yau, irin su Bagzam da Tamgak. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne wutar ba ta tsaya a Abzin ba, kudu ta yi ta gangarowa. Ta iso ƙasar Damagaram da Muniyo wajen shekaru miliyan 300 da suka wuce, daga bisani ta kai tudun Jos, inda duwatsun ba su wuce miliyan 200 da kaɗan ba, wasu ma ba su kai ba. Don haka kuzar da aka haƙa a Elmeki cikin Abzin da kuzar Jos da kakanninmu suka je ci-rani a kanta dangi ɗaya ne. Tsayin da Abzin yake da shi yanzu kuwa, mita 2022 a ƙololuwar Bagzam, sabon abu ne: cikin miliyoyin shekarun baya-bayan nan ne ƙasar ta sake kumbura, duwatsu masu aman wuta suka ɓarke, kuma ruwan zafin Tafadek da mutane suke zuwa wanka don neman lafiya yana nuna cewa cikin bai gama hucewa ba.

Ni ɗan Damagaram ne, saboda haka wannan labari ba na nesa ba ne a gare ni. Manyan duwatsun nan da muka yi wasa a kansu muna yara, waɗanda baƙo yake ɗaukar hotonsu, su ne sanadin rabin wahalar garinmu. Dutse ne curarre marar ƙofofi, ba ya shan ruwa balle ya ajiye. Duk wanda ya girma a garin ya san watannin bazara: layin bido tun asuba, ƴan garuwa suna tsawwala kuɗi, mata suna kwana bakin pampo suna jiran ya yi tari. Muna yara laifin duka ma'aikatan ruwa muke ɗora wa, kuma ba na cewa ba su da nasu kason. Amma dalilin da ya sa ake jawo wa birnin ruwa daga Gogo da Macaya, daga baya daga Arunguza da Ganaram, shi ne sai an bar kan dutsen an kai inda yashi yake da kauri kana a samu abin da za a ja. Garin da ya zauna bisa kwari da garin da ya zauna bisa tsohon dutse, tun ran gini rabonsu na ruwa ya bambanta.

To, mu koma arewa mu biyo babbar mota daga Arlit zuwa Ƙonni. Shimfiɗun kwarin sun ɗan karkata zuwa kudu maso yamma, saboda haka mafi tsufa suna bayyana daf da tsaunin, kuma iyakar nisan da ka yi da shi iyakar ƙuruciyar ƙasar da kake takawa. Direban da ya bi wannan gudron, wadda aka yi wa laƙabi da hanyar uraniyom, yana ratsa shekaru miliyan 300 bai sani ba, hankalinsa yana kan ramuka.

Farkon labarin sanyi ne. Wajen shekaru miliyan 445 da suka wuce, yankin da yake Sahara yau yana kusa da ƙuryar kudancin duniya, ƙanƙara ta lulluɓe shi, kuma har yanzu a ƙasar Jado ana ganin karce-karcen da ta bari a jikin duwatsu sa'ad da take jan ciki. Bayan ta narke, nahiyar ta matsa wuri mai ɗumi. Sama da shekaru miliyan 300 da suka wuce, koguna suna gangarowa daga Abzin suna zuba cikin wani teku marar zurfi da yake yamma da shi. A bakin kogunan akwai fadamu masu duhun itatuwa. Inda ganye da kututture suka taru da yawa, laka ta danne su, nauyi da zafi suka mai da su gawayin dutse. Shi ne kamfanin SONICHAR ya fara ƙonawa a Anu Araren kusa da Cirozerin a 1981 don ba ma'adinan Arlit da birnin Agadas wutar lantarki. Wato kurmi ne da ya mutu tun babu ko tsuntsu a duniya aka tono don kunna fanka.

Uraniyom kuma ga yadda ya shiga. Asalinsa a warwatse yake cikin duwatsun Abzin da tokar tsaunukan da suka yi aman wuta, ɗan kaɗan-kaɗan, wanda ba zai biya kuɗin haƙa ba. Amma yana da wata ɗabi'a: ruwan da yake ɗauke da iska yana narkar da shi ya tafi da shi, in kuwa ruwan ya tarar da ruɓaɓɓen itace ko ganye inda iska ta ƙare, sai ya sake shi. Ruwa ya yi ta tsiyaya cikin dutsen yashin tsofaffin kogunan nan miliyoyin shekaru, musamman kusa da wata babbar tsaga da ta ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu ta gefen Arlit, yana ɗaukowa daga wuri mai faɗi yana ajiyewa a wuri ƙanƙane. Ɗan kasuwa zai gane wannan aiki, domin shi ne aikin mai bin ƙauyuka yana sayen tiya-tiya har ya cika sito. Shimfiɗar da ake kira Tarat ita ce kamfanin SOMAIR ya tarar, ta Gezuman da take ƙarƙashinta kuma ita ce COMINAK ya bi har zurfin mita 250 a Akuta.

Ba uraniyom ne ƙarfen farko da wannan ƙasa ta bayar ba. A 1353 Ibn Battuta ya sauka a Takadda, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake narkarwa a can ana ciniki da shi, kuma masu binciken kufai da yawa suna ganin kufan Azelik ne wannan gari. Jan ƙarfen ne ma masu binciken Faransa suke nema a Azelik a 1957 sa'ad da suka ci karo da alamun uraniyom. Aka kafa SOMAIR a 1968, ya fara fitarwa a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ya fara a 1978. Ƙarshen shekarun 1970 kuɗi suka shigo, aka yi gine-gine a Yamai, aka ɗebi ma'aikata. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, abin da ya biyo baya iyayenmu ma'aikata sun fi ni iya ba da labarinsa.

Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, domin abin da ya rage a ramin bai isa a ci riba ba. Cikin shekaru 43 ya fitar da wajen tan 75,000 na uraniyom, ya bar tarin sharar dutse mai tururin guba wajen tan miliyan 20 a gefen Akokan. A lissafinmu na ɗazu, tamma 43 ce ta cinye abin da aka fara tarawa da jarin miliyan 300. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: dutsen yashin da yake riƙe da ƙarfen shi ne kuma yake riƙe da ruwan da Arlit take sha, tsohon ruwa ne da ya shiga ƙasa tun zamanin da Sahara take samun damina, kuma ruwan saman da yake sauka can yanzu bai isa ya mayar da abin da ake ja ba. A ganina wannan ya fi farashin kilo muhimmanci, domin garin da ƙarfensa ya ƙare yana iya neman wata sana'a muddin rijiyarsa tana da rai.

Da ka baro Agadas ka yi yamma sai ka faɗa filin Irhazer, jar laka shimfiɗe iyakar ganinka. Ragowar tafkuna da fadamu ce ta wajen shekaru miliyan 165 da suka wuce. Ruwan da yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashinta a wasu wurare yana da gishiri. A Tagidda-n-Tesum ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da wannan ruwa, a tace, a zuba cikin ɗaruruwan ƙananan ramuka rana ta shanye. Ciyawar filin da ruwansa kuma su ne suke jawo makiyaya, Buzaye da Fulani, zuwa lasar gishiri a Ingal ƙarshen kowace damina. Makiyayi ya san amfanin wannan ƙasa ga dabbarsa tun ba a haifi mai taswira ba. Ya kuma san manyan ƙasusuwan da suke ɓullowa daga lakar, har yana da sunan dodon da ya ce nasa ne, Jobar. Da Ba'amurke Paul Sereno ya bayyana dabbar a 1999, sai ya sa mata Jobaria tiguidensis, sunan dodon haɗe da na gangaren Tigidit, doguwar katangar dutsen nan da mota take hawa in an baro filin za a yi kudu, ko ta hanyar Tawa ko ta Damagaram.

Daga Tigidit zuwa sama dutsen yashi ne na manyan koguna, cike da kututturan itatuwa da suka zama dutse. Irin wannan shimfiɗa ce ta bayyana a Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas a bakin Tenere, inda iska ta share yashi ta bar ƙasusuwa a fili, masu shekaru wajen miliyan 110. Masu neman uraniyom ne suka jawo hankalin masana zuwa wurin, Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a can daga tsakiyar shekarun 1960. Daga nan aka samo kadan da ake kira Sarcosuchus, wanda tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye, da dinozor Ouranosaurus nigeriensis mai tozo kamar tanka a gadon baya, wanda aka raɗa wa suna a 1976, da Nigersaurus mai haƙora wajen 500, bakinsa faffaɗa yana kiwo ƙasa-ƙasa kamar saniya. Ranar farko da na tsaya gaban ƙwarangwal ɗin da yake gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wani dattijo da ya zo da jikokinsa ya tambaye ni daga wace ƙasa Nasara suka kawo wannan abu. Na ce masa daga jihar Agadas. Ya dube ni, ya dubi ƙasusuwan, ya ce, "Ɗana, to me yake sha a can?" Tambayar masani ce, domin amsarta ita ce dukan labarin: inda babu ko ɗigo yau, a da kogi ne da kada mai tsawon babbar mota yake iyo a ciki. Da yawa daga ƙasusuwan da aka tono suna ɗakunan bincike na ƙasashen waje, kuma maganar maido su da gina musu mazauni a Agadas da Yamai an daɗe ana yin ta.

Sai teku ya zo. Wajen shekaru miliyan 95 da suka wuce ruwan tekunan duniya ya ɗaga ƙwarai, wani hannu ya shigo daga arewa ya ratsa Sahara, wani ya hauro daga kudu ta kwarin Binuwai, suka haɗu. Abzin da Hoggar suka tsaya sama da ruwa, yanki mai faɗi na ƙasar ya nutse. Shi ya sa a tuddan Damargu wajen Tanut ake tsintar katantanwar teku mai naɗi kamar gammo, ta zama dutse, a ƙasar da rijiya take cin igiya gaba da yawa. Tekun ya ja da baya, ya sake dawowa fiye da sau ɗaya, kuma zuwansa na ƙarshe, tsakanin shekaru miliyan 70 da 50, ya fi barin alama a Adar da ƙasar Sakkwato. Wani ƙaton ƙadangaren teku ya ci sunan dutsen Igdaman na jihar Tawa, ɗan uwansa kuma ya ci sunan Goronyo. Na ga yara a wani ƙauyen Adar suna dara da wasu ƴan duwatsu kewayayyu masu zanen tauraro a baya, alhali halittun ƙarƙashin teku ne. Ɓawon irin waɗannan halittu da ya taru ya daskare shi ne farar ƙasar da ake ƙonawa a Malbaza tun shekarun 1960, kuma shimfiɗa ɗaya ce da ta Kalambaina da masana'antar simintin Sakkwato take ci. Ɗan kasuwar da yake auna ribar buhun Malbaza da na ƙetaren iyaka, teku guda yake sayarwa cikin buhu iri biyu. Fosfat ɗin Tawa, wanda ake iya yin takin zamani da shi, daga wannan ruwa ya kwanta shi ma.

Bayan tekun ya tafi bai komo ba, koguna suka rufe komai da yashi da laka mai ƙarfe, wadda ta ƙafe ta zama jar marmarar da take kan tuddan Adar da Dogon Dutsi. Dallol Boso da Dallol Mawri, faffaɗan kwaruruka da babu kogi cikinsu yanzu, hanyoyin ruwan da yake gangarowa daga arewa ne a zamanin damina mai yawa. Daga nan mun iso kwanakinmu.

Gefen gabas labarinsa dabam ne, kuma zan taƙaita shi. Sa'ad da Afirka take rabuwa da Amurka ta Kudu, sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta tsage a nan ma, dogayen ramuka suka buɗe daga gefen Abzin zuwa wajen tafkin Cadi. Ba su kai ga zama teku ba, amma sun yi zurfi ƙwarai: a kwarin Tarmit kaurin abin da ya taru ya haura kilomita 10. A irin wannan zurfi zafi yana dafa ragowar ƙananan halittun ruwa su zama mai. Shi ne na Agadem, wanda aka fara tacewa a matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, ganga 20,000 a rana, aka kuma fara lodinsa a jirgin ruwa a gaɓar Benin a 2024 ta bututun da ya kusa kilomita 2000.

Duk abin da na zayyana ba asiri ba ne. Jacques Greigert ya rubuta bayanin shimfiɗun kwarin Ullimiden tun 1966, kuma yau muna da ƴan ƙasa masana, waɗanda suka fito daga jami'ar Abdu Mumuni, da EMIG a Yamai, da makarantar ma'adinai ta Abzin a Agadas. Mu ma a lise an koya mana wani abu daga ciki, da Faransanci, don jarrabawa, muka haddace muka zubar. Abin da ban taɓa ji ba shi ne a yi bayaninsa da Hausa ko Tamashek a gaban mutanen da suke zaune bisa ƙasar. Ga shi kuwa ciniki ne ake yi da sunansu. Babu Bamaraɗen da zai sayar da buhu a ɗaure bai san abin da yake ciki ba, ko ya bar mai saye shi kaɗai ya riƙe ma'auni. Amma shekara da shekaru wanda ya haƙa ramin gwaji shi ne ya san kaurin shimfiɗar, da yawan ƙarfen da yake cikin kowane tan, da ranar da zai ƙare.

A watan Yuni 2024 hukumomi sun karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a Yuni 2025 kuma suka ba da sanarwar mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Kowa yana da ra'ayinsa kan haka, kuma ba shi nake son tattaunawa yau ba. Abin da nake cewa shi ne sauya sunan da yake bisa ƙofa ba ya ƙara wa dutse ko giram ɗaya. An gano Imuraren tun 1966, yana cikin manyan ajiyoyin uraniyom na duniya, amma ƙarfen a tsinke yake, bai kai kilo ɗaya cikin tan ɗaya na dutse ba, alhali lissafin abin da COMINAK ya fitar da abin da ya bari yana ba da kusan kilo 4. Wannan bambanci yana cikin manyan dalilan da suka sa aka dakatar da aikin bayan farashi ya faɗi sakamakon haɗarin Fukushima na 2011. Ko wane ne ya karɓi wurin, sai ya fasa dutse mai yawa, ya sha ruwa mai yawa, ya bar shara mai yawa. Ɗan majalisa ko magajin gari ko shugaban ƴan kasuwa da za a kira teburin shawara, in bai san wannan ba, kansa kawai zai gyaɗa.

Kuma ba sai an je Imuraren ba. Duk foraj ɗin da aka haƙa a ƙauye, masu aikin suna rubuta abin da suka ratsa mita bayan mita: nan yashi, nan yumɓu, nan marmara, a zurfi kaza aka tarar da ruwa, ga yawan da yake bayarwa cikin awa. Takarda ce guda ko biyu, amma ita ce tarihin ƙasar wannan gari, ita ce kuma za ta faɗa wa mutane ko ruwansu na daminar bara ne ko na zamanin da ba zai komo ba, da ko ya kamata a ƙara foraj na biyu don lambu. A garuruwa uku da na tambaya cikin tafiye-tafiyen aiki, babu inda mai gari ko kwamitin ruwa yake da kwafinta. A na ukun, ma'ajin kwamitin ya buɗe mini akwatinsa: ga littafin kuɗin bido, ga rasiɗin gazuwal, ga hoton ranar buɗe pampo. Da na tambaye shi zurfin ramin, sai ya aika yaro ya kira wani tsoho da ya yi lebura ranar haƙa, tsohon ya ƙirga sandunan ƙarfen da ya tuna an zura, ya ce sun kai 40 ko sun ɗan wuce.